Taraktar Mailafiya Ta Koma Sha Biyu

A wata gonar dabino da ke hanyar Jumum, bayan garin Makka, tsoho Mailafiya ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan wata jar tarakta. Da mai gonar ya rasu, magada suka ce in ba ta tashi kafin shuka ba, za su kai ta tashlih, inda ake yanka tsofaffin motoci, su ɗauko kamfani ya yi noman. Mailafiya ba shi da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, in taraktar ta tafi, ɗakin da yake kwana a gonar ma ya tafi. Batirinta mai bolt shida ne, ga shi ya mutu, samun irinsa kuma sai an sha yawo. Shi ne jikansa Muhsin, mai gyaran wutar bas-bas a Aziziyya, ya iso da hantsi don ya mai da ita mai sha biyu.

Muhsin ya amsa gaisuwar kakansa, "Lafiya lau, ya jaddi. Ashe kana nan? Na ɗauka da kai za a haɗa a kai tashlih."

"Ni da na binne sa'o'ina duka? Sauke kayanka, ja'iri. Me ke cikin buhun?"

"Sabon batir, sabon dinamo mai caji, kwil, da ƙwayayen fitila. Na nemi sababbin gwiwoyi saboda kai, aka ce an daina yin irin naka."

"Gwiwoyin nan da su na yi ɗawafin sunan ubanka. Kai kuwa da aka haife ka, ungozoma ta ɗauka ƙadangare ne ya faɗo daga rufi."

Muhsin ya kwance tsohon dinamo, ya ɗaura sabo, ya ja bel. Ya zare wayoyin da suka bushe suna karyewa kamar taliya, ya ja sababbi. Da ya zo kan batir, sai tsohon ya riƙe masa hannu.

"Tsaya. Jan kai ne ke zuwa jikin ƙarfe. Tun kafin uwarka ta iya tafiya haka yake."

"Wancan zamanin tsohon dinamo ne. Wannan in ka ba shi ja a jiki, nan take zai ƙone. Baƙi ne a jiki yanzu."

"Wato komai naku a juye yake. Shi ya sa kake sa hula baya-baya."

"Kai ma da za a juya maka waya, da Hajiya Hure ta huta da minshari."

"Ka fita harkar matata."

"Matarka? Jiya ni ta ajiye wa ƙirjin kaza, kai aka ba ka wuya."

"Tausayinka take ji, ta ga har yanzu babu wadda ta kula ka."

Muhsin ya ɗaure komai, ya goge hannu a wando, ya ce, "Yalla, hau ka murɗa."

Mailafiya ya hau, ya yi bismilla, ya murɗa. Sai wani ɗan ƙas, shi ke nan. Ya sake, haka. Ya bar hannunsa a kan sitiyari, yana kallon ƙofar ɗakinsa.

"Muhsin," ya ce a hankali, "in ba za ta yi ba, gaya mini gaskiya. In san inda zan kai tsohuwar nan, kakarka."

"Ba inda za ka kai ta, Kaka. Ba ni minti."

Ya durƙusa ya bi baƙar wayar har inda ta kama jikin ƙarfe. Ya kwance notin, sai ga tsatsa da tsohon fenti sun yi kauri a ƙarƙashi. Ya kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, ya mayar, ya ɗaure tam.

"Sake."

Wannan karon injin ya juya da sauri irin wanda bai taɓa yi ba, ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, sannan ya kama. Mailafiya ya sauke numfashi. Ya cire hula ya share fuska da ita, ya daɗe bai ɗago ba.

"Kuka kake yi, tsoho?"

"Hayaƙi ne."

"Hayaƙin can ya yi, wajen awaki."

"To ƙurar buhunka ce. Ai ni na tashe ta. Kai ka ɗaɗɗaura wayoyi kawai, muryata ta ji."

"Ɗayyib. In mayar maka da tsohon dinamon, ka yi mata kiran sallah?"

Mailafiya ya fashe da dariya har ya dafe hon da gwiwar hannu. Tsohon hon ɗin, da wuta ta yi masa yawa, ya ƙwalla wata ƙara da ta watsa kajin gonar.

"Khalas, ka ci," in ji shi, yana goge ido. "Je ka ɗauki zakara ɗaya, na ba ka."

"Wanne daga ciki?"

"Wanda ka iya kamawa."