Yadda Za Ka Samu Kujera A Gaban Sarki Tun Gwiwarka Ba Ta Mutu Ba

Yaya Bian, jiya na ji ƙarar da gwiwarka ta yi sa'ad da muke tashi daga gaisuwar safe. Kada ka musa, har mai tsaron ƙofa sai da ya waiwayo. Abin ya taɓa mini zuciya ƙwarai, shi ya sa na zauna na tsara maka wannan hanya. Idan ka bi ta daki-daki, na yi maka alkawari kafin dusar ƙanƙara ta sake sauka a birnin nan, Sarki da bakinsa zai ce a kawo maka kujera. Dabarar ba ta taɓa ƙin ci ba. Mutum ɗaya na taɓa gwada ta a kansa, wato Mai girma Teng, tsohon shugabanmu a Ma'aikatar Gine-gine, kuma yau kujerar tana gidansa, kowa shaida ne.

Ka san yadda abin yake. Duk bafaden da ya shiga gaban Sarki a kan gwiwa yake magana, sai fa dattijon da Sarki ya tausaya wa ya ce a ba shi 'yar kujerar nan mai kama da ganga. Ka kuma san ɗaya ɓangaren: wanda ya durƙusa ya kasa tashi, gida ake mayar da shi, a karɓe aikin da hular da gashin dawisun da ke kanta. Tsakanin biyun nan za ka ratsa, kuma hanyar siririya ce.

Mataki na ɗaya: Ka ji haushi tukuna

Ba a neman kujera da sanyin zuciya. Ka tuna an ce a zamanin kakannin kakanninmu, waziri kan shigo ne a shimfiɗa masa tabarma daura da ta Sarki, su zauna a kan dugadugansu su biyu, a kawo shayi. Idan ya sunkuya wa Sarki, Sarki ma ya sunkuya masa. Daga baya aka janye tabarmar, fadawa suka koma tsaye. Daga baya aka ce tsayuwar ma ta yi girman kai. Ga mu nan yau muna goge tubali da wandunanmu. Jikokinmu, ina jin, rubda ciki za su riƙa karanta rahoton haraji.

Saboda haka ba roƙo kake yi ba, gadonka kake nema. Ka riƙa faɗa wa kanka haka kullum da safe, amma a zuci, kuma ba kusa da taga ba.

Mataki na biyu: Ka sasanta da matarka kan matashin gwiwa

Kowa a fada yana ɗaure da matashin auduga a ƙarƙashin riga, kowa kuma yana rantsuwa bai taɓa jin labarinsa ba. Ba zan ce ka cire naka ba, ni ba mugu ba ne. Ka rage shi kawai. Mutumin da ke durƙuso cikin jin daɗi fuskarsa ba ta ba da tausayi.

A nan ne muka fara samun matsala da Uwargida Ruan, matar Teng. Ta ɗinka masa wani matashi mai kaurin gaske, har in yana tafiya sai ka ce jaki ne a tsakanin ƙafafunsa. Da na ce a zare rabin audugar, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kai Hou, gwiwarka ce ko tasa?”

Na ce, “Uwargida, gobensa nake duba masa.”

Ta ce, “Ka duba taka, ta fi kusa da kai.”

Ka ji irin maganar mata. Kada ka tsaya jayayya da su. Ka karɓi matashin da godiya, in kun fito lungu ka zare audugar ka ba mai ɗaukar maka fitila ya kai wa uwarsa.

Mataki na uku: Ka sayi agwagwa

Ba taka ba ce, ta Shun ce, babban bawan cikin gida, mai ɗaga labule. Gasasshiya yake so, mai maiƙo, daga shagon da ke bayan kasuwar fitilu, kuma kada ka kai masa mai sanyi, yana riƙe abu a rai. Amfaninsa biyu ne. Na farko, shi ke jera shimfiɗun durƙuso, kuma a zauren nan akwai tubalin da ƙarƙashinsa rami ne. In ya ajiye ka a gabansa, kana ɗan taɓa goshi sai a ji dum har gadon sarauta, a ce ga mai biyayya. In ya ƙi ka, ya kai ka kan mai tauri, ka yi ta buga kai har ya kumbura ba wanda ya ji.

Na biyu, shi ke miƙa wa Sarki shayi, kuma ya iya magana da kansa a inda ake jin sa. Bayan agwagwar Teng, an ji shi yana gyara murfin kofi yana cewa, “Oh, tsufa ba daɗi. Dattijo Teng dai, sai haƙuri.” Bai ƙara ko kalma ba, kuma ba a so ya ƙara.

Mataki na huɗu: Ka tsufa a hankali

Kada ka kwana da ƙarfinka ka tashi da sanda, Sarki ba yaro ba ne. Ka fara da daina shafa wa gemunka tawada. E, na sani, ran da aka yi ruwa ta zubo maka a wuya. Bayan wannan sai nishi. Nishi iri-iri ne, kuma a nan ne yawancin mutane ke ɓata aikinsu. Na sauka daban, na tashi daban. Wanda kake so shi ne na mutumin da ke ƙoƙarin ɓoye nishinsa saboda kunyar ubangidansa: ya taho, ka danne shi, ɗan kaɗan ya kuɓuce ta hanci.

Teng ya sha wahala a nan. Nishinsa na farko irin na saniya mai naƙuda ne. Na riƙa zuwa gidansa da yamma muna bita a tsakar gida, yana sauka yana tashi, ina gyara masa, Uwargida Ruan na leƙo mu ta taga tana tsaki. Wata rana ya zauna daɓas a ƙasa ya ce, “Ƙanena, anya? Gwiwar nan fa da ba ta ciwo haka. Bitar nan ce ke ƙarasa ta.”

Na ce, “Yaya, to ai nishin ya fara fitowa da gaskiyarsa ke nan. Tashi mu sake.”

Mataki na biyar: Ka dafa ƙasa

Ran da Shun ya yi maka ido, ranar ce. Idan aka sallame ku, bari kowa ya miƙe, kai ka ɗan makara. Ka sa tafin hannu ɗaya ka dafa tubali. Ɗaya na ce. Hannu ɗaya tausayi yake jawowa, hannu biyu kuwa takardar sallama. Sannan ka miƙe da kanka, ka yi saurin neman gafara kamar an kama ka da sata.

Teng ya yi shi tsaf, har na ji alfahari ya cika ni. Sarki ya ajiye alƙalami ya ce, “Teng, tun zamanin mahaifinmu kake a fadar nan ko?”

“Tun zamanin kakanka, ranka ya daɗe. Bawanka ne ya rufa rumfar da aka yi bikin haihuwarka.”

Sarki ya dubi Shun, ya ce, “Gobe a ba shi wurin zama.” A daren nan Teng ya aiko mini da tulun giyar shinkafa da kwandon lemo, Uwargida Ruan ba ta sa hannu a aiken ba.

Mataki na shida: Ka zauna, amma kada ka zauna

Ga abin da ya kamata ka sani game da kujerar, tunda ba ka taɓa hawanta ba. Da farko za ka ƙi ta, ka buga goshi ka ce ba ka kai ba. Za a sake cewa ka zauna, ka sake ƙi. Sai an matsa sannan ka ɗosana gefen ɗuwawu ɗaya a bakinta, bayanka a miƙe, nauyinka duk a kan cinya. Wanda ya baje a kanta kamar yana gidan surukansa ya gama yawo.

Sai babbar ƙa'ida: ba a amsa wa Sarki daga zaune. Duk sa'ad da ya yi maka magana, za ka zame ka durƙusa, ka amsa, ka gode, ya ce koma, ka miƙe ka koma. Mu da ke ƙasa tun farko sau ɗaya muke sauka, sau ɗaya muke tashi. Mai kujera kuwa, gwargwadon yadda Sarki ke son hira da shi.

To ranar Teng, Sarki ya tashi da nishaɗi. Ya tambaye shi gadar kogin yamma. Teng ya zame, ya amsa, ya koma. Ya tambaye shi ko katakon ya iso. Ya zame, ya amsa, ya koma. Ya tambaye shi garinsu, ya tambaye shi ko gaskiya ne lemon can ya fi na kudu zaƙi, ya tambaye shi yadda rumfar bikin nan take, da launin labulenta, da ko shi Sarkin ya yi kuka sosai yana jariri. Ni ina baya goshina a ƙasa, ina jin gwiwar Teng tana ƙas, ƙas, kamar ana karya kara. Nishin da ya riƙa yi a ranar, ban koya masa shi ba, kuma ya fi duk wanda na koya masa kyau.

Can Sarki ya ce, “Kujerar ta yi maka daɗi dai ko?”

Teng ya zame ya ce, “Ranka ya daɗe, bawanka bai taɓa jin daɗi irin na yau ba.”

“To koma ka zauna.”

Ya dafa hannu ɗaya. Ya dafa na biyu. Ya tura, ya sake turawa, hularsa ta gangaro ta tsaya a gaban shimfiɗata. Na ji tausayinsa har cikin ciki, amma ba a miƙa hannu a gaban Sarki sai da izini, kuma ni mutum ne mai kiyaye ƙa'ida.

Mataki na bakwai: Ka karɓi nasararka

Sarkinmu mai jinƙai ne. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce, “Mun gajiyar da dattijonmu. Ya koma garinsu ya huta. Kujerar kuma mun ba shi kyauta, ya tafi da ita.”

Ka ji ko? Kyauta. Tun da aka gina zauren nan ba a taɓa ba wani ita ya fita da ita ba. An naɗe ta da alharini ruwan ɗorawa, an sa ta a cikin abin ɗauka na mutum takwas, da masu kiɗa a gaba. Teng da iyalinsa suka bi ta a baya a keken alfadari.

Na kai masa ziyara da kaka. Ka san hukuncin kyautar Sarki: ba a zama a kanta, ba a jingina da ita, ba a ajiye ta a ƙasa. Tana kan tebur a babban ɗaki, tana fuskantar kudu, da turare a gabanta. Kullum da safe Teng yakan zo da 'ya'yansa maza, biyu su riƙe shi ta hammata su sauke shi, ya buga mata goshi, su ɗaga shi. Hakimin garin yakan aiko a duba ko ana yi, don shi ma wuyansa yake ji wa tsoro. Tubalin gidan kuma duk mai tauri ne.

Na ce masa, “Yaya, ka ga abin da na faɗa maka. Ga ka ga kujera har ƙarshen rai.”

Ya dube ni ya ce, “Hou, wa ke kan shimfiɗata yanzu?”

Na ce, “Bian ne. Da ka tafi kowa ya matsa gaba da ɗaya.”

“Kai fa?”

“Ina bayansa.”

Uwargida Ruan, wadda ta kawo shayi, ta mayar da kofina kan faranti ta fita da shi.

Sanarwa

Ni Hou, mai wannan rubutu, kujera na yi alkawari, ban yi alkawarin zama ba. Babu ruwana da gwiwar da ta ƙage, ko hular da ta faɗi, ko agwagwar da aka ci ba a yi aiki ba, ko matar da ta daina gaishe ka. Idan Sarki ya tashi da son hira, wannan tsakaninka da shi ne. Idan wani ya tambaye ka, ba ka san ni ba sai a wurin aiki, kuma ka ƙona takardar nan bayan ka haddace ta. Amma kada ka ji tsoron komai, Yaya Bian. Ka dafa ƙasa da ƙarfin zuciya. In hularka ta gangaro, a gabana za ta tsaya, zan kuma adana maka ita da kyau.