Iyakar Gonar Jatau

Tun da innarsa ta rasu, Jatau shi kaɗai ya rage a gidan, sai akuya guda. Ba mai yi masa sallama. Don ya ji muryar mutane, kullum sai ya je ya zauna ƙarƙashin tagar makarantar bakin gari, inda Malam Habu yake koyar da lissafi. Duk abin da malam ya gaya wa 'yan aji, Jatau gani yake shi aka umarta.

Wata rana malam ya ja layi biyu a allo, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Ya ce a fara daga inda suka haɗu, a yi taku uku dama, biyu sama. Jatau ya tafi mararrabar kasuwa, ya yi taku uku, ya hau reshe na biyu na tsamiya, ya zauna har la'asar. Mutane suka yi ta wucewa, ba wanda ya ɗaga kai.

Wata rana malam ya ce in an ja layi, a baƙanta gefen da ya fi yawa. Jatau ya ja layi a gadon bayan akuyarsa, ya dudduba, ya shafe gefe guda da baƙin tukunya. Akuya ta tsere. Kwana biyu gidan ko kukanta babu.

Wata rana kuma malam ya ce in layi a haɗe yake, abin da ke kansa yana cikin lissafi. In kuwa a tsintsinke yake, kan layin ba na wannan gefe ba ne, ba na wancan ba. Jatau ya tuna shingen ƙaya da ke tsakanin gonarsa da ta tsoho Tanko, wanda ya shekara bakwai ba ya amsa gaisuwarsa, wai an ci masa iyaka. Jatau ya je ya cire ƙaya nan, ya bar can, ya kuma bar kunya guda a kan iyakar bai shuka ba.

Tanko ya iso da fartanya a kafaɗa.

"Kai Jatau, kunyar nan ta wa ce?"

"Malam ya ce ba ta kowa ba ce, Baba."

Tanko ya juya ya koma gonarsa. Da ya tashi shuka, shi ma ya bar kunya guda.

Kafin kaka, masu zuwa rijiya sun mai da wurin hanya, don ta fi kusa. Jatau ya kai tabarmarsa can. Ranar farko mutum goma sha ɗaya suka ce masa sannu, har da Tanko. Ya koma gida ya gaya wa akuya sunayensu ɗaya bayan ɗaya.