Ƙwayar Riɗi a Gaban Leza

Wani mutum ne wai shi Haladu, in ya buɗe baki sai ka rantse shi ke kunna rana da safe. Aikinsa a ɗakin binciken wata jami'a goge-goge ne da miƙo kaya. Amma a wurin zance, cewa yake wa budurwarsa Suwaiba shi ne mai harba leza, wato na'urar nan mai sakin haske mai tsananin ƙarfi.

"Abin da nake harbi 'yar ƙwaya ce, ranki ya daɗe, ba ta kai gero ba. In na sakar mata haske, fau! Ta zama wutar da ta fi rana zafi. Sai in ɗauki hoton cikinta, irin hoton ƙashi na asibiti, amma namu ko gashin ƙuma sai ya fito."

Suwaiba ta sunkuyar da kai. "To Injiniya, zan zo in gani."

Ranar da aka buɗe ɗakin ga baƙi sai ga ta, da kantun riɗi da ta yi masa da hannunta. Ya gutsura, ya lumshe ido. Da shugabar ɗakin, Dakta Talatu, ta fita tarbar mutane, gogan naka ya ɗauko hantsaki, ya ɗago ƙwayar da aka yi sati uku ana haɗawa.

"Kin gani? Duk ɗakin nan ni kaɗai hannuna ba ya rawa."

Bai rufe baki ba sai atishawa ta kufce masa!

Suwaiba ta kau da fuska. Ƙwaya kuwa, ko sama ko ƙasa. Ga takun Dakta na matsowa, ƙwas, ƙwas. Wuf Haladu ya tsinci riɗi ɗaya a gashin bakinsa, ya liƙa a gurbin ƙwayar. Wa zai gane?

Baƙi suka cika ɗaki. Dakta ta ce, "Kafin mu harba, bari ku ga ƙarfin idon na'urarmu."

Allo ya kawo haske. Sai ga riɗi ƙato kamar kabewa, da ɓawonsa, da sukarinsa, har da gefen da haƙori ya gutsure.



Dakta ta cire tabarau. "Haladu, mene ne wannan?"

"Hajiya... wataƙila sabon samfuri ne."

Suwaiba ta ɗaga hannu a hankali. "Dakta, riɗina ne. Don Allah kada ku wahalar da leza, na riga na soya shi a gida."