Rasuwar Zauren Malam Ɗalha, Ƙanensa Kuma Yana Jinya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tsoron da ya fi baƙin cikin yawa, ni Zulai Lukuman ta Kalgo nake sanar da tsofaffin ɗalibai da iyayen yara rasuwar Zauren Malam Ɗalha na Kwalejin Bakin Fadama, Gwandu, wanda ya kwanta dama ranar Juma'a ana cikin huɗuba. Ku daure ku karanta har ƙarshe, don ɗiyata Hafiza da sa'o'inta suna kwana a cikin ƙanen mamacin.

Marigayin ya ci sunan kakana, Malam Ɗalha na Dalijan, wanda ya ba da gonarsa aka kafa makarantar, ya koyar da lissafi a cikinta har ganinsa ya dushe. Da jar ƙasa da azara aka gina shi. Sharaɗi ɗaya tsohon ya gindaya: kafin ruwan fari ɗalibai su yi gayya, su hau soro su yi yaɓe, su share indararo. Mu kam mun yi, har ni da nake tsoron tsani.

Zaure ne mai haƙuri, mai sanyi a tsakiyar bazara, bai taɓa tona asirin mai gyangyaɗi ba. Ƙofarsa kuwa ba ta san girma ba, ko shugaban makaranta ne ya makara sai ta ce ƙiiii. Da damina indararonsa su yi ta sharrr har malami ya haƙura ya yi shiru.

Ciwon ajali ya same shi ne shekarar da hukumar makaranta ta ga yaɓen laka ƙauyanci ne, ga manyan baƙi za su zo bikin yaye ɗalibai. Aka lulluɓe shi da siminti, aka shafa farin fenti, aka cire indararo wai suna ɓata hoto. Wallahi ya yi kyau, kyan sabon likkafani. Ruwa ya riƙa shiga ta sama, ya rasa hanyar fita. Bango ya kumbura, ya fara warin rima. Na taso takanas daga Kalgo na yi magana, aka ba ni lemo mai sanyi. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce tim, akuyar mai gadi ce kaɗai ta raka shi.

Ya bar jemagu marasa matsuguni, da dubban malamai a faɗin Kabi, da ƙanensa, ɗakin kwanan 'yan mata. Ƙasa ɗaya aka kwaɓa musu, siminti ɗaya aka sa musu. Jiya na dafa bangon ƙanen, tafin hannuna ya jiƙe.

Katafila za ta yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar ɗakin 'yan matan, daga waje, nesa da bango. Ba a buƙatar goro ko dabino. Duk mai ɗiya a ciki ya zo da abin hawa, don hadari ya fara haɗuwa a gabas.