Rasuwar Mai Minshari, Faifan Shagon Malam Jibirilu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya, Malam Jibirilu mai buga takardu na bakin babbar kwatar Mamobi yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na unguwannin Nima da Kawukudi rasuwar faifan ajiyar kwamfutarsa, wanda unguwa ta fi sani da Mai Minshari. Ya cika ranar Talata da hantsi yana tsaka da aikin katin suna, bayan doguwar jinya. Limamin masallacin layin ya hana a ce Allah Ya ji ƙansa, tunda ƙarfe ne, saboda haka aka tsaya a kan Allah Ya ba mai shi haƙuri.

Ba a san ranar haihuwar marigayin ba. Ya iso ƙasar nan a kwantena, kwance a cikin wata baƙar kwamfutar tebur da wani ofishin Turai ya gaji da ita. Malam Jibirilu ya samo su tare a unguwar Kokomlemle shekara goma sha shida da suka wuce, ya ɗora su a cinya cikin motar haya ta tirotiro har gida. Tun daga ranar, da wuya a ɗaura aure ko a raɗa suna ko a yi addu'ar arba'in a layin nan ba tare da takardar ta bi ta cikinsa ba. Ya shaidi rasuwar mutane da dama, yau ga tasa ta zo.

An shaide shi da riƙon amana. Ya riƙe wasiƙun neman biza da aka ƙi, da wasiƙun soyayyar dattawan da gemunsu ya yi fari, bai taɓa kai maganar kowa gaba ba. An shaide shi da juriya, domin a shekarun dumso, lokacin da ake ɗauke wuta sau biyar kafin azahar, kullum sai ya sake tashi, ko da yake ba ya tashi sai da mita. Aibinsa ɗaya ne, kuma ba za a ɓoye shi don ya mutu ba: nawar tashi. Idan aka danna maɓalli da ƙarfe bakwai na safe, sai ya fara ƙirrr, ƙirrr, ya yi tak-tak-tak, ya ja numfashi, ya koma ƙirrr. Minti goma sha biyu cur yake ɗauka kafin allo ya waye.

A cikin waɗannan mintoci ne babban alherinsa yake, kuma mai shi bai gane ba sai da ƙasa ta rufe ido.

Shagon da ke manne da na Malam Jibirilu na wansa ne, Alhaji Imurana tela, katako kawai ya raba su. Shekara tara ke nan Alhaji bai taka cikin shagon ƙaninsa ba. Dalilin kuwa, ranar da mahaifinsu ya rasu, Malam Jibirilu ne ya buga sanarwar da wannan faifan, ido cike da hawaye, hannu kuma ya bi sabonsa, ya rubuta sunansa a sama, na wansa a ƙasa. Kafin a farga an manna takardar a bangon kowane masallaci daga Mamobi har Nima. Da a ce ya ba da haƙuri a ranar, da tuni an manta. Amma bakinsa ya riga hankalinsa, ya ce ai suna ne kawai. Wannan magana ce Alhaji ya haɗiye, har yau ba ta wuce masa maƙoshi ba.

Sai dai kowace safiya, da minsharin faifan ya ratsa katako, Malam Jibirilu yakan fito ƙofa, wai yana jiran inji. Alhaji Imurana ma yakan fito da kofin kokonsa, wai yana shan iska. Ba ya kallon ƙanin, titi yake kallo, ya ce, "Abin nan naka bai tashi ba har yanzu?"

Malam Jibirilu ya ce, "Yaya, yana zuwa."

Shi ke nan hirar. Sai Alhaji ya ajiye ƙosai biyu a kan benci kamar mantuwa ya yi, ya koma kan kekensa. Shekara tara ana wannan mantuwa, ba a taɓa fashi ba sai ranar Idi.

Ciwon ajali ya fara ne da damina. Murya ta dushe, ƙirrr ya koma ƙyas, ƙyas, ƙyas, takardu suka fara ɓata hanya. 'Yar gidan, Lailatu, wadda ta yi karatun gyaran kwamfuta, ta kasa kunne ta saurara, ta girgiza kai, ta kwashe abin da zai kwasu zuwa wani wuri tun da sauran numfashi. Uban ya yi ta hura masa iska, ya kwantar da kwamfutar a gefe ɗaya, ya juya ta ɗaya gefen, har fanka ya tsayar mata ita kaɗai. Ranar Talata marigayin ya yi ƙyas sau uku, daga nan ba a sake jin bakinsa ba.

Washegari Lailatu ta kawo magajinsa, sabon ma'aji irin na zamani da ake kira SSD, ɗan siriri, bai kai tafin hannu ba, babu abin da ke juyawa a cikinsa balle ya yi ƙara. Ta ɗaura shi, ta kunna, tsohuwar kwamfuta ta ƙi tashi. Malam Jibirilu har ya fara murna a ɓoye. Lailatu ta shiga wani shuɗin allo da bai taɓa gani ba, ta nuna masa sunayen abubuwan da inji ke nema idan zai tashi, a jere.

Ta ce, "Ei, Baba, inji bai lalace ba o. Jeri ne bai daidai ba. Wanda ya kamata ya zo farko, shi aka sa ƙasa. Ka ɗaga shi sama, shi ke nan."

Ta danna maɓalli sau ɗaya, suna ya hau sama. Malam Jibirilu ya ji maganar ta sauka masa a wani wuri da ba ta nufa ba. Kafin ya gyara zaman hularsa, allo ya waye.

To, tun daga ranar mutumin nan bai san inda zai sa kansa ba. Ya danna maɓalli, kafin ya miƙe daga kujera inji ya tashi tsaf yana jiran aiki. Babu minshari, babu dalilin fita ƙofa. Ya share shagon da ya riga ya share. Ya kai hannu ga labule ya dawo da shi. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa ta ramin katako, ya hangi Alhaji zaune da kofinsa a hannu yana kasa kunne ga bango, har kokon ya huce. Ran nan har gwadawa ya yi da bakinsa, ƙirrr, ƙirrr, sai ga Salimatu mai koko ta ɗaga labule tana tambaya ko maƙogwaronsa ne, ya ji kunya ya bari. Yau kwana goma sha ɗaya bai ji muryar wansa ba, kuma tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada shirun nan ya zauna ya zama shi ke nan. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, kuma Alhaji ya ba saba'in baya.

Marigayin ya rasu ya bar kwamfutar da ya zauna a cikinta, wadda ta yi sabon aure tun kafin a share makoki. Ya bar allon rubutu da harafinsa ɗaya ya shafe, da firinta mai cin takarda, da benci. Ya kuma bar takardu dubu da ɗoriya da Lailatu ta tsamo. A cikinsu akwai sanarwar rasuwar mahaifinsu. Jiya Malam Jibirilu ya buɗe ta, ya ɗaga sunan da ya kamata ya zo farko. Aikin bai kai ƙiftawar ido ba. Ya buga kwafi ɗaya, ya zauna yana kallonta har aka kira la'asar.

Ba za a kai marigayin bola ba. An naɗe shi a farin ƙyalle, za a ajiye shi a aljihun tebur na sama. Zaman makoki kuwa za a riƙa yin sa kowace safiya a ƙofar shago, daga ƙarfe bakwai zuwa bakwai da minti goma sha biyu. A tsawon wannan lokaci ba za a taɓa maɓalli ba, masu katin gaggawa su yi haƙuri. Ba a buƙatar rumfa ko kujeru, domin mai ta'aziyya ɗaya ake jira. Ya zo da kofinsa, ƙosai na kan masu makoki, kuma akwai takarda tasa a kan benci, an danne ta da dutse. Idan ya makara za a jira shi, idan bai zo ba za a sake zama gobe.

Sanarwa daga:
Alhaji Imurana tela, babba, wanda ba a nemi izininsa ba,
sai ƙaninsa Jibirilu, a ƙasa.