Ranar da Na Zazzage Rasit a Gaban Mutumin Gwamnati

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban mutumin gwamnati ina yi masa gorin haraji ba.

Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, farar hula sun karɓi mulki, bakin kowa ya buɗe. Ni dama nawa bai taɓa rufuwa ba. A unguwar Kabara nake zaune. Maigidana ya rasu ya bar mini 'ya'ya da injin niƙa a soro, da shi nake ci da su. Sai da na haura hamsin sannan na shiga makarantar yaƙi da jahilci, a firamaren unguwa, bayan an tashi yara. (Ku dubi mace mai jikina a kan bencin 'yan aji ɗaya. Sai an kama ni nake tashi.) Malama Rabi ce ke koya mana, sa'ar babbar 'yata, mai haƙurin da ban san inda ta samo shi ba. Mun kai ga karanta Hausar boko a hankali, har sunana nake rubutawa ba tare da na dangwala yatsa ba. Saura mu shiga aji na gaba, inda ake fara Turanci.

Sai rediyo ta ɗauko wata magana, safe da yamma: asusun jiha ya yi ƙasa, abin da ake turowa daga sama ya ragu, dole a tsuke bakin aljihu. Masu sana'a kuma su shirya, za a ƙara kuɗin lasin. Ban damu sosai ba sai ranar da Malama Rabi ta shigo ta ajiye alli, ta ce alawus ɗin malaman manya yana cikin abin da za a yanke. Ƙarshen wata ajinmu zai rufe. Amma wani jami'i zai zo daga ma'aikata ya yi mana bayani.

Na ce, "Bayani? Ya zo. Ni zan yi masa bayani."

Ba da baki kawai na dogara ba, ina da makami. Tun bayan rasuwar maigidana, duk ƙarshen wata wani mutum yake sallama a soro, da kaki, da jaka a hammata, ya ce shi ne mai karɓar kuɗin inji na gwamnati. Ɗan Ofis muke ce masa. In ba shi, ya yago takarda daga littafinsa, ya hura hatimi ya danna. Shekara shida ban tsallake wata ba, kuma ban yar da takarda ko ɗaya ba, duk suna cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Da Turanci suke, saboda haka ban taɓa wahalar da idona ba. Akwai hoton dabba a sama, ni kuwa na san tambarin gwamnati da dabbobi a jikinsa, ina gani a kan kuɗi. Me kuma zan tambaya?

Ranar ta zo. Jami'in wani dattijo ne mai furfura a gemu, mai sanyin murya, ba irin mai tumbin da na shirya wa ba. Ya yi ta maganar kasafin kuɗi, wai abin da ke shigowa bai kai abin da ke fita ba, wai ko su ma an rage musu man mota. Ban bari ya kai aya ba. Hajiya Ladi, wadda muke benci ɗaya, 'yar Ƙofar Mazugal, ta riƙe mini zani tana cewa, "Yaya, ki bi a hankali." Na fizge, na ɗaura gyale a ƙugu.

Na ce, "Alhaji, mun ji an rage muku mai, Allah ya ba ku haƙuri. To mu me aka taɓa ba mu da za a rage? Alli ɗaya da yarinya ɗaya, su ne suka cinye asusun jiha? Da kuna neman ƙuri'a, har ɗakin girki kuka biyo mu. Ni da kake gani ba roƙo na zo ba. Kuɗina na zo tambaya. Shekara shida ina ciyar da gwamnati da ƙurar dawa a hancina, ban taɓa cewa yau babu ba. Kai ka taɓa biya daga guminka, ko daga albashin da muke ba ka?"

Mata suka fara "Gaya masa." Kaina ya ƙara girma. Na buɗe gwangwanin na zazzage shi a kan teburin malama, takardu suka watse har ƙasa.

"Ga shaida. Ƙirga. In akwai watan da babu, in fita da ƙafata."

Dattijon ya sa tabarau, ya ɗauki ɗaya. Ya ɗauki ta biyu. Ya juya bayanta. Ni kuma na ɗauka hujja ce ta kama shi, har ina kallon mata ina gyaɗa kai.

Ya ce, "Hajiya, wa yake ba ki waɗannan?"

"Yaronku mana. Ko shi ma za ku ce ba ku san shi ba?"

A lokacin ne Hajiya Ladi ta sunkuya ta ɗauki wadda ta faɗo kusa da ƙafarta. Ita asalinsu masu shanu ne, har yanzu yayyenta suna kiwo a bayan gari. Ta ƙura wa takardar ido, ta ce, ba da ƙarfi ba, amma ajin ya yi tsit, kowa ya ji:

"Yaya, wannan ai irin ta su Yaya Bello ce. Wadda ake ba su in an yi wa shanu allura."

Na ce, "Ladi, ki kama bakinki."

Dattijon ya yi gyaran murya. "Gaskiya ta faɗa, Hajiya. Tsohon littafin rigakafin dabbobi ne, an daɗe da daina aiki da shi. Ba mu da ma'aikaci mai karɓar kuɗin inji da wannan. A nan an rubuta cewa an yi wa saniya ɗaya allura, kuma tana cikin ƙoshin lafiya."

Na karɓi takardar na kai ta daf da idona. Ƙaho biyu. Ƙaho ne ɓaro-ɓaro, shekara shida suna kallona. (Dokin tambarin gwamnati ba shi da ƙaho, wannan ko jikana ya sani.) Ashe ni da na zo gorin haraji, sisina bai taɓa shiga asusun jiha ba. Wani ƙato nake ciyarwa, har kunu nake sa a miƙa masa in ya zo da zafin rana.

Ba wadda ta yi dariya da farko, kuma wannan ya fi ciwo. Sai wata daga baya ta ce, "To Alhamdulillahi, ko ba komai lafiyarta ƙalau." Ajin ya fashe. Malama Rabi ta juya tana goge allon da babu komai a kansa, kafaɗarta na rawa. Na nemi in zauna, bencin ya yi mini nisa. Gyalen ma ya ƙi kwantuwa daga ƙugu, Ladi ce ta kwance mini.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya tambaye ni me ya sa ban karanta ba. Na ce, da muryar da ban san ina da irinta ba, "Turanci a aji na gaba yake, Alhaji. Wanda za ku rufe." Sannan ya nemi izini ya ɗauki takardun guda uku ya sa a aljihu, ya ce bai yi alkawarin komai ba.

Ɗan Ofis bai sake sallama a sorona ba, labari ya riga ni isa gida. Bayan mako uku takarda ta zo wa Malama Rabi: ajinmu zai ci gaba, amma kwana biyu a mako maimakon huɗu, da rabin alawus. An ce takarduna sun zaga ofis-ofis, har inda ban san sunansa ba. Wato da mutuncina aka sayi kwana biyun nan.

A makon kuma wani ya yi sallama, na gaskiya wannan karon, da katinsa a wuya. Tunda na sanar da gwamnati da bakina cewa ina da inji, ai dole ta zo gaisuwa. Kuɗinsa ya ninka na ɓarawon, ba ragi, ba "sai wani watan", ga shi ko gaisuwar kirki bai iya ba.

Abin da na koya shi ne, kafin ki yi wa mutum gori da takarda, ki fara sanin me ta ce a kanki. Yanzu duk wanda ya miƙo mini takarda, ko ta gayyatar suna ce, sai ya nemi wuri ya zauna. Ina karantawa baƙi-baƙi, ba na sauri, in ya gaji ya sha ruwa.