Yadda Za Ka Sayi Raket Mai Tsada Ka Zauna Lafiya a Gidanka

Ɗan'uwa, idan ƙwallon tebur ta shiga jininka, kuma ka ƙyalla ido ka ga raket ɗin nan na cikin gilashi a shagon kayan wasanni, wanda kuɗinsa zai gyara firijin gidanka har a samu canji, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan. Duk wanda na ɗora a kansu ya ga sakamako da idonsa.

1. Fara shawo kan kanka

Bari mai shago ya zuba maka bayani. Zai ce katakon falle-falle ne, robar kuma masana ne suka haɗa ta a ƙasar waje. Gyaɗa kai kamar ka gane. Kada ka tambayi abin da ya sa ɗan faifan nan ya fi ƙofar ɗakinka tsada. Ita ma katako ce, amma wa ya taɓa cin gasa da ƙofa?

2. Shiga gida da dabara

Saka shi a baƙar leda, ka zuba albasa a sama. In maman yara ta gano ta tambayi kuɗinsa, yi dariya ka ce gwanjo ne, kusan kyauta aka ba ka. In ta kawo zancen firiji, nuna mata cewa ruwan sanyi ne ke sa yara tari. Mai hikima yakan mayar da rashi ya zama kulawa.

3. Fita fili

Je teburin da ke bayan shagon aski lokacin da mutane suka cika. Zaro raket a hankali, ka hura masa iska, ka goge da hannun riga. Maƙwabcinka zai zo da tsohon nasa mai ɓararriyar roba, ya lallasa ka kamar yadda ya saba. Kada ka karaya. Ka ce teburin ne ya karkace. Washegari ka ce ƙwallon ce ba ta dace da robar ba, ka koma shago ka sayo masu tsada. Da takalmi.

4. Girmama surukinka

Wata rana Baba zai zo duba jikokinsa. Zai ga raket a kan kujera, ya ɗauka ya yi fifita da shi, ya ce bai taɓa riƙe abu mai daɗin hannu irin wannan ba, ga shi ƙudaje sun addabe shi a tsakar gida. Kafin ka haɗiye yawu, matarka za ta ce:

"Ɗauka mana, Baba. Ai gwanjo ne, gobe sai ya sayo wani."

5. Yi kyauta da fara'a

Rusuna ka ce, "Allah ya sa ya yi amfani, Baba." Raka shi har bakin titi, ka biya masa kuɗin mota, ka tsaya kana ɗaga hannu. In hawaye ya zo, ka ce hayaƙin mota ne. Da ka dawo kada ka haɗa ido da ita. Tun makon jiya ta je shagon ta tambayi farashi.

Gargaɗi: marubucin nan ba shi da hannu a duk wani shiru da zai biyo baya a gidanka, ko kwanan falo, ko ƙudan da aka kashe da roba ta ƙasar waje. Mai ƙorafi ya je wurin surukinsa ya karɓo kayansa, in ya isa.